Majigi da Mai Sharhi: Waiwaye kan Gajerun Finafinan Wayar da Kai a Arewa

Kafin gidajen silima su yawaita, kafin kuma zuwan talabijin, mafi yawan talakawan Arewa a majigi suka fara ganin hoto mai motsi. Masana sun nuna cewa kalmar aro ce daga sunan da Turawa suka bai wa wata tsohuwar fitila mai haska hoto a bango. Wannan maƙala za ta dubi tarihin majigi ne ta fuskar harshe, domin a nan ne manazarta suka fi yin sakaci.

Tushen abin yana Ikko. Wani jami'in kiwon lafiya, William Sellers, shi ya fara amfani da fim a ƙarshen shekarun 1920 don nuna wa jama'a yadda ɓera ke yaɗa annoba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, gwamnatin Ingila ta kafa sashen finafinan ƙasashen mulkin mallaka, ta kuma ɗora shi a kan aikin. Sashen ya rayu har 1955, daga nan gwamnatocin jihohi suka ci gaba da nasu. Sellers ya shimfiɗa ƙa'idoji bisa zatonsa cewa baƙar fata ba zai fahimci fim irin na Turai ba: a ja hoto a hankali, kada a yi dabarar kyamara, kada a cika mutane. Zato ne na raini, amma shi ya tsara siffar finafinan. Yawancinsu labarin mutum biyu ne, mai hankali da ya bi shawarar ma'aikacin gwamnati ya ci riba, da wawa da ya ƙi ji ya sha wuya. A kan wannan turba ta wa'azi aka yi Baban Larai, mai koyar da noman auduga, wanda dattawa ke ambata har yau. Daga wannan makaranta kuma Adamu Halilu ya fito, wanda ya shirya fim ɗin Shaihu Umar a 1976.

To, amma fim ɗin rabin aikin ne kawai. Motar majigi kan iso gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, bayan sallar isha'i a tayar da inji. Da yawa daga cikin finafinan ba su da murya, wasu kuma da Ingilishi suke magana. Saboda haka akwai mai sharhi, riƙe da lasifika, yana bayyana abin da ake gani. Shi ke raɗa wa 'yan wasa suna, shi ke sa karin magana, shi ke ba'a ga wawan labari har fili ya ɗauki dariya. In ya ga dama ya sassauta saƙon gwamnati, in ya ga dama ya ƙara masa gishiri. A ganina wannan mutum ya fi kusa da maroƙi ko sanƙira fiye da tafinta, kuma aikinsa reshe ne na adabin baka. Brian Larkin, a littafinsa na 2008 kan Kano, ya yi bayani mai gamsarwa game da injin da siyasar da ke bayansa, har da yadda majigi ya koma nuna rangadin Sardauna Ahmadu Bello. Harshen mai sharhi kuwa iska ta tafi da shi, tun da ba a naɗe shi a jikin fim ba.

Lamarin ya fi ɗaukar hankali a Barno. Maiduguri, wadda aka kafa a 1907, gari ne na Barebari da Larabawa Shuwa, ga kuma fatake da ma'aikata masu jin Hausa, waɗanda suka ƙaru bayan isowar jirgin ƙasa a 1964. Fim ɗin da aka shirya da Bahaushen manomi a zuci, in ya zo nan, tilas mai sharhi ya zaɓi harshe, ko ya riƙa sauyawa tsakanin biyu. (Abin sha'awa, kalmar "dandali" da Hausawa ke kiran filin taruwa da ita, daga Barbarci aka aro ta.) Ke nan duk mai son bin sawun yaɗuwar Hausa a wannan gari bai kamata ya tsaya ga kasuwa da bariki da rediyo ba. Waɗanda suka zauna gaban farin ƙyallen nan suna yara a shekarun 1950 sun haura saba'in yanzu, kuma a bakinsu kaɗai za a ji da wane harshe aka yi musu sharhi.