Thomas Sankara: Tarbiyyar da ta gina sojan juyin juya hali

An haifi Thomas Sankara ranar 21 ga Disamba, 1949 a garin Yako na ƙasar Upper Volta, wadda a lokacin take hannun Faransa. Ya karɓi mulki ranar 4 ga Agusta, 1983, ya sauya wa ƙasar suna zuwa Burkina Faso a 1984, aka kashe shi a Wagadugu ranar 15 ga Oktoba, 1987. Halayen da aka san shi da su a kan mulki sun samo asali daga gida, makaranta da bariki.

Mahaifinsa, Joseph Sankara, jandarma ne, kuma zuriyarsu Silmi-Mossi ce, wato gaurayen Fulani da Mossi waɗanda ba su da babban matsayi a tsarin sarautar Mossi. Ya taso a Gaoua cikin gidan mabiya ɗarikar Katolika mai tsananin horo, har iyayensa suka so ya zama limamin coci. A matsayin ɗan ma'aikacin gwamnati ya ɗanɗani gata, ya kuma ga tazarar da ke tsakanin 'ya'yan Turawa da 'ya'yan talakawa.

A 1966 ya shiga makarantar soja ta Kadiogo a Wagadugu. A can ya haɗu da Adama Touré, malami farar hula da ke tattaunawa da ɗalibai bayan darasi kan mulkin mallaka da gurguzu. Daga nan aka tura shi kwalejin hafsoshi ta Antsirabe a Madagaska, inda ya ga sojoji suna aikin raya karkara, ya kuma shaida boren 1972 da ya kawar da gwamnatin Philibert Tsiranana. Ya dawo gida da fahimtar cewa soja na iya zama ma'aikacin al'umma, talakawa kuma na iya kayar da gwamnati.

Wannan tarbiyya ta bayyana a mulkinsa. Ya sayar da manyan motocin gwamnati, ya mayar da ƙaramar Renault 5 motar ministoci, ya rage ikon sarakunan gargajiya, ya kuma jagoranci gangamin rigakafin yara da dashen itatuwa. Sai dai horon bariki, inda umarni ba ya jiran shawara, ya biyo shi fadar mulki. A 1984 gwamnatinsa ta kori malaman makaranta fiye da 1,000 saboda yajin aiki, ana kuma gurfanar da mutane a kotunan juyin juya hali ba tare da lauya ba.

Blaise Compaoré, amininsa tun a soja, shi ya gaje shi bayan kisan, kuma a 2022 kotun soja ta yanke masa ɗaurin rai da rai a bayan idonsa. A yau da hafsoshin Sahel ke ɗaga hoton Sankara, tarihinsa ya bai wa matasa ma'aunin auna su: a ina suka taso, wa ya koyar da su, kuma yaya suke yi da mai ce musu a'a.