Borin Jini Bayan Cin Kifi: Yadda Ake Gane Shi A Jikin Yara

Borin jini shi ne jan kumburi mai ƙaiƙayi da kan taso wa yaro a fata, ya lafa a nan ya ɓulla can. In abinci ne sanadi, yakan fito cikin mintuna kaɗan zuwa awa 2 bayan an ci. Ƙurajen da suka fito bayan kwana biyu, da wuya a ce kifin ne.

A Yola da Jimeta kifin Kogin Binuwai da tafkin Geriyo aka saba ci: tarwaɗa, ƙarfasa, giwan ruwa. Mu kuwa da ke zaune a Legas ko Fatakwal, garin kurafish na cikin kusan kowace miya, har a kunun yaye ana barbaɗa shi. Sinadarin da jiki ke ƙi a kifi, parvalbumin, daban yake da na jatan lande da ƙaguwa, wato tropomyosin. Don haka yaron da kurafish ke tayar wa bori sau da yawa yana cin tarwaɗa lafiya lau. Hana shi duk abin da ya fito daga ruwa asara ce kawai. Dafawa ko banda ba sa kashe waɗannan sinadarai.

Akwai kuma kifin ƙanƙara irin su titus da ya daɗe ba sanyi: yakan tara histamin, ya sa fuska ja da ƙaiƙayi. In mutum uku a gida suka kamu lokaci guda, kifin ne ya lalace, ba jinin yaron ba.

Likita zai fara da tambaya: me ya ci, ƙarfe nawa, ya taɓa faruwa? Ki ɗauki hoton fatar da waya, don kafin ku isa asibiti ta lafa. Daga nan akwai gwajin fata da ake dubawa bayan minti 15 zuwa 20, da gwajin jini na IgE. Maganin ƙaiƙayi irin su Piriton na ɓata gwajin fata, sai an dakatar da shi kwanaki kafin nan. Gwajin ba yaro abincin kaɗan-kaɗan kuwa a gaban likita ake yi, kada a gwada a gida. Wanda ke Yola zai iya farawa da sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama.

In leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya sarƙe, ko yaro ya yi laƙwas, a garzaya asibiti mafi kusa nan take, allurar adirenalin yake buƙata.