SOJAN HAUSA A YAƘIN KAMARU NA 1914: KAFIN MU YARDA DA ABIN DA WAYA TA KAWO



Kwanakin baya wani hoto ya yi ta yawo a wayoyin matasanmu, daga New Bell har tsallaken kogi a Bonaberi. Sojoji ne baƙar fata a jere, an rubuta a ƙasa wai su ne Hausawan da suka ci Duwala a 1914, wai kuma daga gare su zamanmu a garin nan ya samo asali. Wasu yaranmu suka ɗauke shi abin alfahari, wasu maƙwabta kuma suka mai da shi abin gori, suna cewa ashe bindigar Bature ce ta kawo mu. Da maganar ta iso zauren dattawa, sai aka umarce mu da mu bincika kafin kowa ya ce uffan. Darasin farko da muka samu shi ne, ba a iya tantance labarin yaƙi sai an san yadda aka tsara rundunonin da suka gwabza shi.

Mu fara da Jamusawa, masu mulkin Kamaru tun 1884. Rundunarsu ta tsaron ƙasa, wadda suka kafa a 1894, tana da kamfani 12 lokacin da yaƙi ya ɓarke, warwatse a barikoki daga bakin teku har Garwa da Mora. Kuratan baƙar fata ne, kimanin 1,500, hafsoshin kuwa Jamusawa ne da ba su kai 200 ba, a ƙarƙashin Zimmermann. Bayan su akwai 'yan sanda masu makamai.

Turawan Ingila kuwa sun zo da Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya aza harsashinta a 1897. Babban reshenta shi ne na Nijeriya, mai bataliya 5, ta biyar ɗin ta mahaya dawakai ce da ke Kano. Sauran rassan na Gwalkwas ne da Saliyo da Gambiya. Kowace bataliya an kasa ta kamfani-kamfani, Bature ne kyaftin, amma samanja da saja da kofur da ke riƙe da kurata baƙar fata ne. Faransawa su ma sun kawo nasu dakarun da ake kira 'yan Sanagal, ko da yake daga ƙasashe da dama aka ɗebo su.

A watan Agusta na 1914 Ingilishi suka kutso ta kafa uku: daga Maiduguri zuwa Mora, daga Yola zuwa Garwa, sannan daga Ikom zuwa Nsanakang. Duk ukun ba su ji da daɗi ba. A Garwa an fatattake su, a Nsanakang an yi musu mummunar ɓarna, Mora kuwa ta gagara. Rundunar da ta ci Duwala daban ce, ta ruwa ta zo, a ƙarƙashin Janar Dobell, haɗin gambizar sojan Ingila da na Faransa, garin kuma ya miƙa wuya ranar 27 ga Satumba. Daga nan Bonaberi aka bi titin jirgin ƙasa na arewa har Nkongsamba a watan Disamba. Garwa ta faɗi a Yuni 1915, Banyo a Nuwamba, Yawunde ranar 1 ga Janairu 1916. Jamusawa da dubban sojojinsu suka tsallaka ƙasar Sifaniyawa da ke kudu. Mora kaɗai ta rage a kan dutsenta, sai ranar 18 ga Fabrairu 1916 Kyaftin von Raben ya sauko.

To, ina Hausawa a cikin wannan duka? A nan ne masu rubutu a intanet suka fi yin tuntuɓe. Tun 1863, da Glover ya tara ƙaramar runduna a Ikko, yawancinta bayin da suka gudu daga iyayengijinsu, Turawa suka saba kiran sojan baƙar fata da sunan Hausa. Da Hausa ake ba da umarni a bariki, saboda haka Babarbare da Bazabarme da Bafillace da mutumin tsaunukan Bauchi, duk wanda ya sa kaki ya ji yaren saja, a bakin Bature ya zama Bahaushe. Jamusawa ma sun ɗebi irin waɗannan mutane. Ke nan a ɓangarorin biyu akwai masu jin Hausa, suna harbin juna. Tarihin Chari Maigumeri ya ishe mu misali. Mutumin ƙasar Barno ne, ya fara soja a hannun Jamus, aka kama shi a Garwa a 1915, ya shiga rundunar Nijeriya a 1917, ya kai muƙamin babban samanja, yau ga bariki da sunansa a Lokoja. A wane layi za a sa shi, cikin waɗanda suka ci Kamaru ko cikin waɗanda aka ci?

Akwai kuma waɗanda ba a cika sa hotonsu ba, wato 'yan dako. A kurmin da babu hanyar mota, a kan mutum ake ɗaukar shinkafa da harsashi da gaɓoɓin igwa. Dubbai ne, da yawansu tilas aka yi musu, kuma cuta da yunwa sun ci su ƙwarai. Duk labarin rundunar da bai ambace su ba, rabin labari ne.

Da wannan sani muka koma kan hoton. Rubutun da ke ƙasansa ya kira rundunar RWAFF. Harafin farkon nan, mai nuna jinginuwar runduna ga sarkin Ingila, sai a 1928 aka ƙara shi. Hulunan da ke kan sojojin kuma masu faɗin baki ne, irin na yaƙin duniya na biyu, zamanin da aka kai kakanninmu Bama. Babu sunan wanda ya ɗauka, babu wurin da aka adana shi. Da muka bi sawu, sai muka tarar shafuka da dama sun kawo shi da kalmomi iri ɗaya, har da kuskuren rubutu iri ɗaya.

Malamanmu sun koya mana tun muna gaban allo cewa labari yana da sanadi, yana da matani. Ana tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, sannan a auna maganar kanta. Shafi goma da suka kwafi juna mai ruwaya ɗaya ne, ba goma ba. Saboda haka idan labarin yaƙi ya iso wayarka, tambayi wace bataliya, wace rana, wane gari, kuma daga wane littafi ko wace taska. Wanda ya ba da adadi daidai wa daida ba tare da madogara ba, yi hattara da shi. Ko littafin da gwamnatin Ingila ta fitar a 1931 kan wannan yaƙi, na Moberly, a karanta shi da sanin cewa mai nasara ne ya rubuta: ya ƙware wajen ranaku da sunayen hafsoshi, amma kurata da 'yan dako galibi lissafi ne kawai a wurinsa.

Game da asalinmu kuwa, fatauci ya riga yaƙin nan kawo Hausawa kudu. Fatake sun bi hanyar Adamawa ta Banyo da Tibati da Yoko tun zamanin Jamus, da shanu da tufafi, suna neman goro da hauren giwa da roba. Ita kanta New Bell Jamusawa ne suka shata ta don su mayar da mutanen Duwala da suka kora daga bakin kogi, rikicin da ya kai ga rataye Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914. Daga baya, a zamanin Faransa, ta zama matattarar baƙi daga ko'ina.

Gidan da kakansa ya yi soja, ba abin kunya ba ne, amma a kafa hujja. A duba tsohuwar adaka ko akwai lambar yabo ko takardar sallama, a zauna da tsofaffi a rubuta abin da suka ji daga iyayensu, da sunan mai faɗa da ranar da ya faɗa. Idan ba mu yi haka ba, wanda bai san mu ba shi zai rubuta mana asali, jikokinmu kuma su karanta su yarda.

Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu dace.