Tausa, miƙe jiki da yoga: abin da ya kamata mai aikin ƙarfi a Legas ya sani

Yawancin Hausawan Agege da ƙarfinmu muke ci. Ko kana kamun shanu a mayankar Oko-Oba, ko dako a Mile 12, ko tura kurar ruwa, bayanka ne jarinka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki. Ni ɗan falken shanu ne, a cikin masu wannan ciwon na tashi.

Tausa dai mun gaje ta. Ana murza tsokar da ta ɗaure da tafin hannu, da man kaɗanya ko man zafi irin su Robb da Aboniki. Amfaninta shi ne ta sassauta naman, jini ya zagaya, raɗaɗi ya lafa, mutum ya samu barci. A ƙa'idojin da hukumar ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon ƙugu mai daɗewa, ta sa tausa da motsa jiki cikin abin da za a iya yi, ta kuma ce a guji magunguna dangin tiramol. Wannan kam ya shafe mu, domin kowa ya san yadda yaranmu ke haɗiyarsa da safe wai don ƙarfin aiki. Su ma diclofenac da ibuprofen da ake saya barkatai a kemis, shansu kullum yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda.

Sai dai sauƙin tausa na ɗan lokaci ne, kuma akwai inda take zama haɗari. Sabuwar targaɗe ba a murza ta. A kwana biyun farko ƙanƙara a cikin tsumma ake ɗorawa, a ɗaga ƙafar sama. Idan ana zaton karaya ce ko gocewar ƙashi, a fara ɗaukar hoto kafin a je wa mai ɗori, ga asibitin ƙashi na Igbobi nan kusa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na matafiya. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, yaran mota suna takure a kan tirelar shanu dare da rana. In mutum ya sauka ya ga sha-raɓarsa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, to kada a taɓa ta. Yana iya zama gudan jini ne ya daskare a jijiya, murzawa kuma tana iya kora shi zuwa huhu. Asibiti kai tsaye. Haka mai ciwon suga, kada a gasa masa ƙafa da ruwan zafi, don zai iya ƙonewa bai ji ba.

Miƙe jiki ya fi tausa araha, tunda ba ka buƙatar kowa. Ka fara ɗan tattaki na minti biyar jiki ya ɗumama. Sannan ka kwanta rigingine a tabarma, ka jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, ka riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, ka sauya. Don bayan cinya, ɗora dunduniya a kan benci, baya a miƙe, ka ɗan sunkuya har ka ji ja. Ja fa na ce, ba zafi ba. Sau biyu ko uku kowane gefe ya isa, ba fizga, ba riƙe numfashi. Wani zai ce ai aikina ma motsa jiki ne. Gaskiya ne, amma dako tsoka ɗaya yake wahalarwa kullum, sauran suna ƙagewa.

Yoga kuwa daga Indiya ta fito. Haɗi ne na tsayuwa da zama iri-iri, da sarrafa numfashi, da natsuwa. A Disambar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranarta. Bincike ya nuna tana ɗan rage ciwon baya, kwatankwacin sauran motsa jiki, ba fiye ba. Tushenta yana haɗe da addinin Hindu, akwai ma wani jerin motsi da ake kira gaisuwar rana. Shi ya sa a 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin ta. A ganina mai son lafiyar baya bai rasa komai ba in ya tsaya ga miƙewar da jan numfashi a hankali, sauran kuma ya tambayi malaminsa.

Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ya wuce tausa da miƙewa, a ga likita ranar. Wanda ya wuce mako shida bai sauka ba, a nemi sashen gashin ƙashi, wato fisiyo, akwai shi a LASUTH da ke Ikeja.