Naƙudar Matan Misira Ta Dā

'Yar'uwa, ko kin taɓa zama kin yi tunanin yadda mata suke yi da ciki tun babu asibiti, babu awo, babu allura? Yau zan kai ki ƙasar Misira ta zamanin Fir'aunoni, mu ga abin da iyaye mata suka sha a bakin kogin Nilu.

A shekarar 1889 wani Bature mai tonon kayan tarihi, Flinders Petrie, ya tono wata tsohuwar takarda a kangon garin Lahun. An rubuta ta wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma kaf abin da ke cikinta ciwon mata ne da ɗaukar ciki. Kin ga ke nan ba yau aka fara wannan damuwa ba.

Har gwajin ciki suna da shi. Mace za ta riƙa jiƙa ƙwayar alkama da ta sha'ir da fitsarinta kullum. In sun tsiro, an ce tana da juna biyu. In sha'ir ne ya tsiro namiji ne, in alkama ce mace. A 1963 likitoci suka jarraba abin, sai suka ga fitsarin masu ciki yana tsirar da ƙwayar kusan sau 70 cikin 100. Zancen namiji ko mace kuwa, shaci-faɗi ne kawai.

Ranar naƙuda mata ne ke kewaye da ita, ita kuma ta tsugunna a kan tubala. A 2001 an tono irin wannan tubali a Abidos, an zana masa hoton uwa rungume da jaririnta. Da yake mutane ne masu bautar gumaka, sukan rataya layu masu siffar dorina mai ciki, wadda suke kira Tawaret, wai don ta kori sharri. Wani tsohon labarinsu ya nuna mai jego takan keɓe kwana 14 tana tsarkake jiki, kamar yadda mu ma muke da kwana arba'in ɗinmu. Shayarwa kuwa takan kai shekara 3.

To, duk da wannan tattali, mutuwa ba ta ƙyale su ba. A garin Lahun ɗin nan, Petrie ya tarar da gawarwakin jarirai cikin 'yan akwatuna a ƙarƙashin daɓen ɗakuna. Ki duba fa, uwa tana kwana tana tashi a kan kabarin ɗanta!

Kada ki ce talauci ne. Sarki Tutankamun, wanda aka gano kabarinsa a 1922 cike da zinariya, an binne shi tare da 'yan jarirai mata guda 2 da ba su zo da rai ba, ɗaya ma ba ta wuce wata 6 a ciki ba. An naɗe kowacce da kyau, an sa ta a ɗan akwatinta mai ado. Mulki da dukiya duk ba su hana gidan sarki kukan ɓari ba.

Shi ya sa suka san darajar mai reno. Matar da ta shayar da wannan sarki, Maya, kabari guda aka sassaƙa mata a Saƙara. Da aka gano shi a 1996, sai ga hotonta a bango, sarkin yana zaune a cinyarta.

Uwargida, ga inda nake so mu tsaya. Waɗannan mata sun yi iyakar abin da suka sani: tubali, laya, ƙwayar hatsi. Abin da ba su da shi, ke kina da shi. Akwai awon ciki, akwai maganin ƙarin jini, akwai rigakafin yara, akwai mai duba hawan jini tun bai kayar da mace ba. Amma sai ki ji wata ta ce kunya take ji, ko maigida bai ba da kuɗin mota ba, ko ai kakarta a ɗaki ta haihu goma. Ta manta ta tambayi kakar nawa ta binne.

Abin da matar Fir'auna ta nema ta rasa, kada ke ki same shi ki yi wasa da shi. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuri'a. Amin.