Fansho

Daga Turancin Ingila muka aro fansho. Bakin Bahaushe ya mai da harafin p zuwa f, kamar yadda ya yi wa fasinja da famfo da fensir. Turawan ma aro suka yi: tushenta Latin ne, daga wani aikatau mai nufin aunawa, domin a zamanin da sai an ɗora kuɗi a ma'auni ake biya.

Mun haifa mata 'ya'ya: ɗan fansho, 'yan fansho, kuɗin fansho. Ta kan zo tare da garatuti, kuɗin sallama da ake biya sau ɗaya, ita kuwa wata-wata ce.

Abin da take nufi a Najeriya ya sauya a 2004. Kafin nan gwamnati ce ke biyan ma'aikatanta daga kasafinta, bashi ya yi ta taruwa, tsofaffi suna layi a rana. Sabuwar doka ta kawo adashi, gyaran 2014 kuma ya sa ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10. Har yau ana gardama, kuma ina bayan masu cewa fansho haƙƙi ne, ba alfarma ba.