Hanyar Bar Beach: Daga Wuri Biyar Zuwa Kuɗin Ƙofa



Duk wanda ya zauna a Ikko kafin shekarar 2000 ya san cewa idan baƙo ya zo daga gida, abu biyu yake so a nuna masa kafin ya juya: gadar nan mai tsawo, da kuma teku. Idan kuwa aka ce teku, to Bar Beach ake nufi, babu wani wuri. Wasu ma har da gora suke zuwa su ɗebi ruwan, domin an yi musu sautu daga Kano ko Katsina. Yaranmu da aka haifa bayan haka sunan kawai suke ji. Shi ya sa a wannan karo nake so mu bi tarihin hanyar da ake bi zuwa can, da yadda aka yi ta gyara hanya amma ruwan yana ƙara yi wa talaka nisa.

Mai karatu ya fara riƙe wannan: Bar Beach a tsibirin Victoria yake, wanda aka fi sani da VI, kuma kafin mutumin Agege ko Idi-Araba ya isa can sai ya tsallake ruwa sau biyu. Na farko shi ne tafkin da ya raba Iddo da tsibirin Ikko. A nan ne aka gina gadar Carter a 1901, kuma shekaru masu yawa ita kaɗai ce gadar da ta haɗa tsibirin da tudu. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, tashar Iddo ta zama mashigar kakanninmu fataken goro da na shanu. Mutum ya sauka a Iddo, ya taka gada, ya shiga gari. Ruwa na biyu wani siririn rafi ne da ya raba VI da Ikko da Ikoyi, ana kiransa Five Cowrie, wato wuri biyar. Ana cewa kuɗin fiton kwale-kwale ke nan a zamanin da ake ciniki da wuri. Daga baya ne aka ɗora masa gadoji, ɗaya ta wajen Onikan, ɗaya kuma a Falomo.

Tsakanin waɗannan ruwaye biyu Obalende take, kuma ba sai na gaya wa kowa matsayinta a wurinmu ba. Tun 1863 da Glover ya kafa rundunarsa ta Hausawa ake da sojojin Arewa a Ikko, kuma zaman sojoji da iyalansu na daga cikin abin da ya raya Obalende. Ga barikin Dodan a maƙwabta, inda shugabannin soja suka zauna har aka mayar da babban birni Abuja a Disambar 1991. Saboda haka tashar Obalende ta zama mahaɗa. Daga Agege ka shiga molue zuwa Oshodi, ka sake wata zuwa Obalende ko CMS, a tsaye kake ko a zaune wannan sa'arka ce, sannan ka kama danfo da kwandasta yake kiran "Bar Beach, Eko Hotel". Titin da za a sauke ka a kansa kuwa sunan Sardauna gare shi, Ahmadu Bello Way. Ka tsallaka titi, sai yashi, sai ruwa iya ganinka. Ba mai tambayarka daga ina kake.

Wurin ba na shan iska kaɗai ba ne, na neman abinci ne. Akwai masu tsire, da masu shayi, da masu sayar da jakunkuna da takalman fata ga Turawa, da masu dawakai da ake biya a hau a ɗauki hoto. Da yawansu mutanenmu ne. A gefe kuma ga masu fararen riguna na cocin Aladura suna addu'o'insu da ƙararrawa. Ranar Sallah ko Kirsimeti ba masaka tsinke.

Yana da baƙin tarihi kuma. A 1971 gwamnatin soja ta fara harbe 'yan fashi a bainar jama'a a wannan fili, ana ɗaure su a jikin turaku da ganguna cike da yashi a bayansu. A watan Satumba na shekarar aka harbe Ishola Oyenusi, dubban mutane suna kallo. A Maris ɗin 1976 ma an harbe wasu daga cikin sojojin da aka samu da hannu a juyin mulkin da ya ci ran Janar Murtala a can. Motocin da suke kai mutane yawon Sallah su ne suka riƙa kai su kallon kisa.

To me ya cinye Bar Beach? A nan ne nake so a tsaya a duba da kyau, domin mutane da dama suna ɗauka jiya aka fara. Sunan wurin ya samo asali ne daga tudun yashin da yake tare bakin mashigar tashar jiragen ruwa, wanda yake hana manyan jirage shigowa. Don magance haka, wajen 1908 Turawan mulki suka fara jibge duwatsu suna gina dogayen ganuwoyi cikin teku a gefe biyu na mashigar. Jirage suka samu hanya. Sai dai igiyar ruwa a wannan gaɓa tana tafiya da yashi ne daga yamma zuwa gabas. Ganuwar yamma ta tare yashin, ya taru a ɓangaren Tarkwa Bay, ita kuwa gaɓar VI da ke gabas ba abin da ke zuwa mata, teku sai ɗiba yake yi. A hankali ya cinye fiye da kilomita guda na ƙasa. Gwamnatoci sun yi ta zuba yashi, ruwa yana kwashewa. A shekarun 1990 zuwa 2005 har kan titin Ahmadu Bello teku yake hawowa, ya shiga gine-gine, motoci su kasa wucewa.

Abin lura shi ne, a daidai lokacin da yashi yake ƙarewa hanya ƙara kyau take yi. An gama gadar Eko a 1975, an buɗe gada ta uku mai tsawon kilomita 11.8 a 1990. Amma a Yulin wannan shekara ta 1990 ne gwamnatin Raji Rasaki ta rushe Maroko, unguwar talakawa da ke manne da VI, aka tashi mutum kusan 300,000. A irin wannan unguwa ne mai gadi da direba da mai wanki suke kwana su tafi aiki da ƙafa. Bayan rusau sai da mota, daga nesa.

A 2008 aka fara cike teku domin gina Eko Atlantic, aka yi masa ganuwar duwatsu mai tsawon kilomitoci. A gaskiya ambaliyar titin Ahmadu Bello ta tsaya, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai inda Bar Beach yake ya koma cikin shinge. Kuramo da ke kusa, nan ma teku ya yi toroƙo a Agustan 2012, an rasa rayuka, aka rushe rumfunan da suka rage.

Zirga-zirga a cikin unguwar ma ta canja. An hana molue tsallaka gadoji zuwa tsibiri a 2013. Acaba, wadda ita ce ƙafar talaka a lungunan VI kuma sana'ar dubban samarinmu, an taƙaita ta a 2012, sannan daga 1 ga Yunin 2022 aka haramta ta gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Eti-Osa inda VI take. Wanda ya biyo motar BRT, wadda ta fara aiki a 2008, ko jirgin ƙasan Mile 2 zuwa Marina da aka fara a Satumbar 2023, zai iso tsibiri cikin sauƙin da iyayenmu ba su taɓa gani ba. Daga nan sai danfo, ko tasi ta waya, ko kwale-kwale mai inji.

Shi kuwa mai son taɓa ruwa sai ya ƙara gaba ta hanyar Lekki, zuwa Elegushi ko can gaba, inda akwai ƙofa da mai karɓar kuɗi a kan kowane kai. Magidanci mai 'ya'ya biyar sai ya yi lissafi tun daga gida. Waɗannan ma ba su tsira ba, domin a Afrilun 2024 aikin sabuwar hanyar gaɓar teku ta Ikko zuwa Kalaba ya bi ta kan bakin ruwan Landmark. Hanyar kuwa ta kan titin Ahmadu Bello ta faro, kusa da inda danfo yake sauke mu a da.